Wace manhaja ce za ta hana tsohon kaya kwana a bayan sito?

MaiSito_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da sito na wani kamfanin rarraba kaya. Muna ajiye fenti, gam, batura da man giris na injuna, kuma kusan dukansu suna da wa'adi. Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da mota ta sauke sabon kaya, 'yan lodi gaba suke jera shi, tsohon ya koma can ƙurya. Sai ranar ƙidayar ƙarshen shekara mu tarar da katan-katan na gam ya daskare, fenti ya yi gudaji, alhali wanda ya zo bayansu tuni an sayar. Da Excel muke aiki. Yana gaya mini katan nawa ne a sito, amma ba ya gaya mini wanne zan fara fitarwa. Don Allah wace manhaja kuke amfani da ita da za ta tilasta a fara fitar da tsohon kaya? Na gode.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Abin da kake nema shi ne tsarin FIFO, wato wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Kusan duk manhajar sito mai daraja tana yinsa. Ka duba Odoo ko ERPNext, dukansu suna da nau'in da ake saukewa kyauta.

Hajiya_Magani:
Baban Ummi, da ɗan gyara. Ga kayan da ke da wa'adi, FIFO ba ya isa. Ni a ma'ajiyar magunguna nake aiki, mu FEFO muke bi: wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita, ko da jiya ya shigo. Ka ɗauki misali, rukuni, wato kayan da aka ƙera tare a zubi ɗaya, ya iso a watan Maris, wa'adinsa Disamba. Wani ya iso a Mayu, amma wa'adinsa Agusta, saboda ya daɗe a hannun mai kawo kaya kafin ya iso gare ka. FIFO zai ce ka fitar da na Maris, na Mayu ya zauna yana jira har ya mutu. Ranar shigowa sito daban, ranar da aka ƙera kaya daban. Malam Sani, duk manhajar da za ka zaɓa, ka fara tambaya ko tana riƙe lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi ga kowane rukuni. In ba ta yi, ka bar ta ko da kyauta ce.

Baban_Ummi:
Gaskiya ne Hajiya, ga mai wa'adi maganarki ce daidai.

Injiniya_K:
Ni aikina ke nan, kafa wa kamfanoni irin waɗannan manhajoji, don haka bari in ɗan faɗaɗa. A Odoo, wanda kamfanin ƙasar Beljiyam ne, sai ka kunna bin sawun rukuni, sannan ka kunna ranakun wa'adi. Daga nan za ka zaɓi ƙa'idar fitar da kaya, ko dai ga nau'in kayan ko ga wurin ajiyar: FIFO, LIFO (wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita), FEFO ko mafi kusa da hannu. Abin da ya burge ni a ciki shi ne ba rana ɗaya yake riƙewa ba. Akwai ranar da wa'adi ke ƙarewa, akwai ranar da ya kamata a janye kayan daga kanta, akwai kuma ranar da za a yi maka gargaɗi. FEFO ɗinsa ranar janyewa yake dubawa. Ke nan za ka iya cewa a janye gam kwana 60 kafin wa'adinsa, a gargaɗe ka kwana 120 kafin. ERPNext kuma na kamfanin Frappe ne na Indiya, buɗaɗɗe ne gaba ɗaya, wato kowa na iya ganin yadda aka rubuta shi ya kuma gyara, shi ma yana riƙe rukuni da wa'adi. Manyan kamfanoni masu sito da yawa su kan tafi SAP ko Oracle, amma wannan wani aji ne, ga tsada ga buƙatar ma'aikata na musamman.

Sai dai Malam Sani, kalmar da ka yi amfani da ita, "tilasta", ita nake so mu tsaya a kai. Manhaja takarda take fitarwa ta ce a ɗauko rukuni kaza daga kanta kaza. Wanda zai miƙa hannu ya ɗauko mutum ne. In rukunin yana bayan katan 200, mota tana jira, direba yana danna ham, na gaba zai ɗauka. A kwamfuta tsohon ya fita, a zahiri yana nan. Wannan ya fi rashin manhajar muni, domin yanzu rahotonka yana gaya maka komai lafiya.

DanLodi:
Allah ya saka da alheri Injiniya, ka faɗi abin da ke raina. Ni ina cikin masu ɗaukar kayan nan. Ba ƙeta ce take sa mu ɗauki na gaba ba. An jingina kaya da bango, layi uku a jere, sama kuma an ɗora har kusan rufi. Kafin ka kai ga na baya sai ka sauke na gaba duka, ka ɗauko, ka sake mayarwa. Wa zai ba ka wannan lokacin? Oga da kansa zai zo ya ce me kuke jira. A gyara mana jeri tukuna, a bar hanya ta baya da mutum zai iya wucewa, za ku ga ko muna ƙin bin takarda.

Uwar_Lissafi:
DanLodi ya fi mu duka sanin inda matsalar take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kantar da ake cusa kaya daga gaba a kuma ciro daga gaba, ita da kanta LIFO take yi, ko me manhaja ta ce. Akwai kantoci masu gangara da ƙananan tayoyi, ana zuba kaya ta baya suna gangarowa gaba, duk wanda ya ɗauka tsoho ya ɗauka ba tare da ya yi tunani ba. In babu halin sayen su, a ware wa kowane rukuni gurbinsa, kada a haɗa rukuni biyu a gurbi ɗaya, a kuma janye jerin daga bango.

MaiSito_Sani:
Wallahi kamar kuna cikin sitonmu. Jingine da bango suke. Amma wurin ya yi mana kaɗan, in na ba kowane rukuni gurbinsa, rabin kanta zai zauna babu komai.

Uwar_Lissafi:
Haka ne, wannan shi ne kuɗin da ake biya. Amma ka lissafa wurin da kayan da suka riga suka mutu suka tare a yanzu. Ka fara fitar da su, za ka samu fili. Sannan ba kowane kaya ne ke buƙatar wannan tsaurin ba. Ƙusa da ƙarfe ba ruwansu da wa'adi, a cusa su yadda aka ga dama. Gam da fenti da batura su ne za ka ba gurbi mai kyau.

Malam_Odita:
Ina so in raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, tunda an ambaci FIFO da LIFO. Akwai yadda kaya ke fita daga kanta, akwai kuma yadda akanta ke ƙiyasta kuɗin kayan da aka sayar a littafi. Ba dole su zama ɗaya ba. Ƙa'idar lissafi ta duniya IAS 2 ta haramta LIFO wajen ƙiyasta darajar kaya, ta bar FIFO da matsakaicin farashi. A Amurka kuwa dokokinsu sun yarda da LIFO, kuma kamfanoni da dama suna amfani da shi saboda haraji. To kamfani zai iya bin FEFO a sito, akanta kuma yana amfani da matsakaicin farashi a littafi, babu saɓani. Dalilin da ya sa na kawo wannan: a cikin manhajojin nan wurare biyu ne ake ganin kalmar FIFO, ɗaya a saitin ƙiyasta daraja, ɗaya a saitin fitar da kaya. Na ga inda aka saita na farkon aka zauna ana jiran tsohon kaya ya fara fita.

Wani abu kuma, wannan ƙa'idar ta IAS 2 ta ce a rubuta kaya a kan mafi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da abin da za a iya samu in an sayar. Fentin da ya yi gudaji ba dukiya ba ne, dole a rage shi daga littafi. Masu kamfani ba sa son jin wannan, shi ya sa wani lokaci ake barin matattun kaya a ƙurya da gangan.

Injiniya_K:
Malam Odita, wannan batu na saiti biyu ya kamata a maƙala shi a saman zauren nan.

Sarkin_Taya:
Ni taya nake ajiyewa, ba a rubuta mata ranar mutuwa, amma tana tsufa. A gefenta akwai lambar DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Masu saye sun waye, suna dubawa, in ta kwana biyu sai su ce a rage musu ko su ƙi ɗauka. Mu wannan lambar muke shigarwa a matsayin lambar rukuni. Ina faɗa ne don wanda kayansa ba su da wa'adi a rubuce kada ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba.

Binta_Data:
Ni dai ban yarda a yi saurin zubar da Excel ba. Malam Sani ya ce ba ya gaya masa wanne zai fara fitarwa, amma ai don layi ɗaya ya ba kowane kaya ne. A ba kowane rukuni layinsa: sunan kaya, lambar rukuni, ranar shigowa, ranar wa'adi, gurbi, adadi. A jera da ranar wa'adi, a sa launi ya canza in saura kwana 90. FEFO ke nan, ba ka biya ko sisi ba. In ma'aikata ba su iya riƙe wannan ba, babbar manhaja ba za ta cece su ba.

Injiniya_K:
Malama Binta, na yarda da rabin maganarki. Don gwada ko mutane za su jure rubuta rukuni, Excel ya isa, har ina ba da shawarar a fara da shi. Inda yake gazawa shi ne ba ya ajiye tarihin wa ya canza me. Mutum zai goge 48 ya rubuta 40, babu wanda zai sani. A manhajar sito ba a goge adadi, sai dai a shigar da motsi: karɓa, fitarwa, sauya gurbi, gyara bayan ƙidaya, kowanne da sunan mai yi da lokaci. Ranar da kaya suka yi ƙafa, wannan tarihin ne kaɗai abin da za ka riƙe.

Binta_Data:
Wannan kam gaskiya ne. Amma na ga sito da duk ma'aikata ke shiga manhaja da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya don gudun biyan lasisin mutum da yawa. Can ma tarihin ba ya nuna kowa.

Alhaji_Dilla:
Tunda an zo batun kaya su yi ƙafa, ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, ba wa'adi ba. Manhaja tana hana sata ne ko a'a? Ku faɗa mini gaskiya.

Malam_Odita:
Ranka ya daɗe, ba ta hanawa, tana rage tsawon lokacin da ɓarna ke ɓoyewa ne. In sau ɗaya kake ƙidaya a shekara, duk giɓin da ka gani ba za ka san a wane wata ya faru ba, balle a hannun wa. Ƙidayar zagaye ita ce magani: kowace safiya manhaja ta fitar da gurabe kaɗan a ƙirga, ba tare da an rufe sito ba. Ana kasa kaya kashi uku, A da B da C. Kashin A su ne 'yan kaɗan ɗin da suka riƙe mafi yawan kuɗin sito, su ake yawan ƙirgawa. C kuma tarkacen da ba su da tsada, ko sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Sharaɗi biyu: mai ƙirgawa kada ya ga adadin da ke kwamfuta kafin ya ƙirga, kuma wanda ya ƙirga kada ya zama shi ne mai amincewa da gyaran.

Kuma Alhaji, ba kowane giɓi ne sata ba. Da yawa daga ma'auni ne. An karɓi kaya a katan, an sayar da ɗaiɗai, mai kawo kaya ya canza katan daga guda 24 zuwa 20 ba a gyara a manhaja ba. Kafin a zargi yaro a fara duba wannan.

Alhaji_Dilla:
Na gode Malam. Wannan na katan ya taɓa faruwa a wurina, mai kawo kayan bai sanar da kowa ba.

Hajiya_Magani:
Mu dawo kan tambayar Malam Sani. Abin da Injiniya ya faɗa na a ɗauki rukuni daban da wanda takarda ta ce, maganinsa sikana ne. Mai ɗauka ya haska lambar gurbi, ya haska lambar katan, in ba rukunin da aka ce ba ne na'urar ta ƙi. Nan ne kaɗai za a iya cewa manhaja ta tilasta.

DanLodi:
Hajiya ai duk katan yana da bakod, me zai hana a haska shi kawai?

Hajiya_Magani:
Ɗana, bakod ɗin da ka saba gani, mai lambobi 13 a ƙasa, sunan kayan kawai yake faɗa. Gwangwanin fenti na bara da na bana lambarsu ɗaya. Wanda ke ɗauke da rukuni da wa'adi shi ne GS1-128, dogon nan da ake mannawa a jikin katan, ko ɗan murabba'in nan DataMatrix da ke jikin kwalin magani. In ka duba rubutun da ke ƙasansa za ka ga lambobi a cikin baka: (01) lambar kaya ce, (10) lambar rukuni, (17) ranar ƙarewar wa'adi, a jere shekara, wata, rana. (17)260831 na nufin 31 ga Agusta 2026. A Tarayyar Turai tun Fabrairun 2019 ya zama dole magungunan da likita ke rubutawa su ɗauki wannan murabba'in, shi ya sa mu aikinmu ya fi sauƙi. Masu fenti da gam ba lallai su samu haka daga masana'anta ba.

Injiniya_K:
In babu, sai ka buga naka. A bakin ƙofar karɓar kaya a ajiye ƙaramar na'urar buga lakabi. Mota ta sauke, a duba webil, a karanta rukuni da wa'adi daga jikin katan, a shigar, a buga lakabi a manna kafin katan ɗaya ya wuce ciki. Duk nasarar tsarin a wannan ƙofar take. In an bari kaya suka shiga da niyyar "gobe za mu shigar", an gama. Wayar hannu ma tana iya zama sikana ga ƙaramin sito, ko da yake ba ta kai na'urar gaske sauri da jure faɗuwa ba. Malam Sani ka lura, a Odoo ɓangaren haska bakod yana cikin nau'in da ake biya ne, ka sa wannan a lissafinka.

Yaya_Rabi:
Ba wanda ya taɓo kayan da aka dawo da su. Kwastoma ya maido katan biyar, yaro ya jefa su a kanta mafi kusa, ba rukuni ba komai. Mu mun ware musu gurbi daban a manhaja da kuma a ƙasa, da jan fenti aka zagaye wurin. Ba a sayar da komai daga can sai an duba an mayar da shi rukuninsa. Haka ma kayan da suka fashe.

Sannan FEFO ɗin ma ba a binsa ido rufe. Kwastoman da ke nesa, ko wanda kaya ke daɗewa a hannunsa, in ka tura masa mai saura wata biyu zai dawo maka da shi. Mai gajeren wa'adi a tura wa wanda ke sayarwa da sauri. Ku ma wajen karɓa ku sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba za ku karɓi abin da ya cinye yawancin wa'adinsa ba.

Baban_Ummi:
Ni kuma ina ganin muna ta maganar yadda za a fitar, ba mu tambayi me ya sa kayan suka yi yawa har suka tsufa ba. In abin da ke sito ya fi abin da za a sayar kafin wa'adi, ko wane tsari aka bi sai wani ya mutu. Lissafin ranar oda ba wuya: abin da ke fita a rana, sau kwanakin da oda ke ɗauka kafin ta iso, a ƙara ɗan abin ko-ta-kwana. In katan 40 ke fita a rana, oda na ɗaukar kwana 12, ko-ta-kwana 150, to da zarar ya sauko 630 a yi oda. Manhaja tana yin wannan da kanta. Amma in mai kamfani ya ga rangwame ya cika sito da kayan shekara biyu masu wa'adin shekara ɗaya, ba ruwan manhaja.

Alhaji_Dilla:
Baban Ummi, da mu kake. Amma ka sani wani lokaci in ba ka saya da yawa ba, farashi ya tashi ko kayan su yanke, kwastoma ya koma wani wuri. Asarar katan goma ta fi sauƙi a kan rasa kwastoma.

Uwar_Lissafi:
Alhaji, a kan kayan da ke gudu maganarka tana kan hanya. Matattun kayan yawanci ba su ba ne, masu tafiyar hawainiya ne da aka sayo tare don cika mota. Ka sa a fitar maka da rahoton tsufan kaya, wanda ke nuna abin da ya yi kwana 90, 180 ko fiye bai motsa ba. Wannan shafin ya kamata ya zo teburinka kafin ka sa hannu a kowace oda.

MaiSito_Sani:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da na fahimta, zan fara da janye kaya daga bango da sa wa kowane gurbi lamba, in gwada tsarin Malama Binta a kan gam da fenti kawai, kafin in kai wa oga maganar manhaja. Amma ina da fargaba ɗaya. Intanet ɗinmu yana yawan yankewa. In mota na jira kuma manhaja ba ta buɗe ba fa?

Injiniya_K:
Odoo da ERPNext duka za ka iya ɗora su a kwamfutar da ke cikin ginin, sikana su yi magana da ita ta Wi-Fi na cikin gida, ba sai da intanet ba. Sai dai nauyin kwafin ajiya ya dawo kanka, kullum a kwafa zuwa wani wuri daban, a kuma riƙa gwada dawo da shi. Sannan a ERPNext ka kashe saitin da ke yarda adadi ya sauka ƙasa da sifiri. In a kunne yake, za a riƙa fitar da kayan da ba a shigar ba, lissafin rukuni ya watse.

Binta_Data:
Injiniya, a nan ban bi ka ba. Ranar da ka kashe shi, kaya na ƙasa ana gani, kwastoma na tsaye, manhaja ta ƙi fitar da rasit don ba a shigar da webil ɗin safe ba, oga zai ce a rubuta da hannu. Daga nan littafi biyu ke nan.

Injiniya_K:
Shi ya sa na ce ƙofar karɓa. A sa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan, ba mai karɓa da fitarwa da amsa waya lokaci guda ba.

DanLodi:
Malam Sani, in za ku sa lambar gurbi, don Allah ku rubuta ta babba a daidai ido, kada a manna ta a ƙasan kanta inda katan zai rufe. Kuma ku kira masu lodinku ku tambaye su wane kaya ya fi fita kafin ku yanke inda kowanne zai zauna.

Sarkin_Taya:
Akwai wanda ya gwada RFID a nan, wato lakabin da na'ura ke karantawa ta sigina daga ɗan nesa? An ce ba sai an haska ɗaya bayan ɗaya ba.

Injiniya_K:
Yana karanta lakabi da yawa lokaci guda, amma ƙarfe da ruwa suna dagula masa sigina. Ga taya zai iya yi. Ga gwangwanayen fentin Malam Sani sai an sayi lakabi na musamman, kuma ban ga dalilin kashe wannan kuɗin a yanzu ba.